Minti takwas ba sa gina ɗan wasa

Wata Litinin da safe ina kan hanyar zuwa aiki a nan Calgary, ranar da sanyi ya kai sai ka kankare gilashin mota kafin ka ga gabanka, na kunna rediyo na tarar ana shirin wasanni na kiran waya. Ƙungiyar garin ta wasan hoki na ƙanƙara, Flames, ta sha kashi sau huɗu a jere. Wani mutum ya kira rai a ɓace, yana cewa a kwashe tsofaffin nan a ajiye gefe, a ɗauko yaran da ke ƙaramar ƙungiya a zuba su a fili. Ya ambaci wani yaro ɗan shekara ashirin da ya ci ƙwallo a wasanni uku a jere, ya ce me ake jira da shi? Mai shirin ya tambaye shi, idan yaron ya zo a wane sahu za a sa shi? Sai ya ce: "Ko'ina ma, a dai kawo shi."

Wannan "ko'ina ma" ita ta tsaya mini a rai har na isa wurin aiki. Da ita aka lalata yara masu baiwa da yawa a wasan hoki na ƙanƙara, kuma yawancin masu faɗarta son yaran suke yi.

Matsayata ita ce kada a ɗauko matashi daga ƙaramar gasa sai abu biyu sun haɗu. Ya kasance ya ƙare abin da zai koya a ƙasa, sannan a sama an tanadar masa gurbi na gaske, wato irin aikin da aka zaɓe shi dominsa, da mintunan da aikin yake bukata. Idan ɗaya ya samu ɗaya bai samu ba, a bar shi inda yake. Shan kashi huɗu a jere kuwa ba ya cikin dalilai ko kusa.

Ga 'yan'uwa na gida da ba su saba da wasan ba, ga yadda abin yake a gajarce. Babbar gasa ita ce NHL, mai ƙungiyoyi 32 a Kanada da Amurka, kuma kowace tana da ƙaramar ƙungiya a gasar AHL inda take renon yaranta. Ana zaɓen 'yan wasa suna da shekara 18. Wasa minti 60 ne, amma babu ɗan gaba da ke yin sa duka, domin gudu a kan ƙanƙara na cin numfashi, kafin minti ɗaya ya cika an canza mutum. 'Yan gaba goma sha biyu ne, an raba su sahu huɗu. Na sahun farko kan samu minti 18 zuwa 20 a dare, na sahun ƙarshe kuwa takwas zuwa goma. Maki kuma shi ne jimillar ƙwallon da ka ci da wanda ka bayar aka ci. Duk gardamar nan a kan waɗannan mintuna take.

Abin da na gani da idona

Mu a Calgary mun yi sa'a, tun 2022 ƙaramar ƙungiyarmu, Wranglers, a filin Saddledome take wasa, fili ɗaya da Flames. Kuɗin shiga da sauƙi, kujerun sama babu kowa, kana iya jin ƙarar sanda a kan faifan roba, wanda shi ake bugawa a matsayin ƙwallo, da muryar koci daga benci. Nan nake kai ɗana tun yana ƙarami.

A kakar 2022 zuwa 2023 mai tsaron ragar Wranglers shi ne Dustin Wolf. A zaɓen 2019 shi ne na 214 cikin mutum 217, saboda ana ganin bai kai girman jikin da ake so ga gola ba. Kafin a fara wasa yakan tsaya a bakin raga ya daka tsalle sama da duk kayan nan masu nauyi a jikinsa, ya diro, sannan ya durƙusa ya jira. Idan ya tare wata ƙwallo mai wuya sai 'yan kallo su ɗauki kukan kerkeci, domin ma'anar sunansa ke nan. A kakar nan ya tsare raga sau 55, ya yi nasara 42, aka ba shi gwarzon gasar baki ɗaya. Shekarar da ta gabace ta ma shi ne golan da ya fi kowa.

Wani dare muna fitowa ɗana ya riƙe mini hannun riga ya ce: "Baba, me ya sa ba sa kai shi wajen manya?"

Na ce masa a wajen manya akwai Jacob Markstrom, shi ke tsare raga kusan kullum. Da an kai Wolf lokacin, aikinsa ya zauna a ƙarshen benci da hula a ka, yana buɗe wa abokansa ƙofa idan za su shiga fili, ya samu wasa ɗaya a sati biyu. A ƙasa kuwa ana harba masa faifai wajen talatin kowane dare, yana kuskure, yana kwana da shi, gobe ko jibi ya dawo ya gyara.

Ban ce komai ya tafi daidai ba. A kakar 2023 zuwa 2024 an riƙa hawa da shi ana saukowa, wasa 17 ya yi a sama, kuma a ganina jiran ya fara wuce kima a lokacin. Amma ku dubi yadda aka warware. A watan Yunin 2024 aka tura Markstrom zuwa New Jersey, aka share wa yaron wuri. Kakar da ta biyo ya yi wasa 53, ya yi nasara 29, ya zo na biyu a zaɓen gwarzon sababbin 'yan wasa, Flames ta tara maki 96 a teburin gasa, da ƙyar ta rasa shiga zagayen neman kofi. Ɗaukaka matashi ke nan a wurina: kafin a kira shi an riga an ɗaga wani daga kujerar.

Labarin minti takwas

Kishiyar wannan shi ne abin da ya faru da Shane Wright. An daɗe ana cewa shi zai zo na ɗaya a zaɓen 2022, sai ya faɗo na huɗu, Seattle ta ɗauke shi. Ta riƙe shi a babbar ƙungiya yana ɗan shekara 18. Daren da ya yi wasa, wajen minti takwas yake samu. Sauran darare kuwa, lafiyarsa ƙalau, sai ya sa kwat ya hau can sama ya zauna yana kallo. Daga Oktoba zuwa Disamba wasa takwas kacal ya buga a NHL.

A cikin wannan zaman ne aka samu wata kafa a doka aka tura shi AHL na mako biyu don ya motsa jiki. Wasa biyar ya yi a Coachella Valley, ya ci ƙwallo huɗu. Yaro ɗaya, wata ɗaya, ƙafa ɗaya. Abin da ya canza kawai an bar shi ya yi wasa.

Yaron da ya tashi tun yana ɗan shekara goma faifai na kan sandarsa, shi ake nema idan ana bukatar ci, idan ka sa shi a sahu na huɗu kana koya masa wani aiki ne dabam: ka shiga, kada ka yi kuskure, ka wurga faifan can gaba, ka fito. Bayan wata biyu sai ka ga yana tsoron riƙe faifai. Ya samu dama ya ratsa tsakanin mutum biyu amma sai ya zubar, don ya san idan aka ƙwace zai kwana uku bai sa takalmi ba. Baiwar da aka zaɓe shi dominta ita ake kashewa a hankali, sannan a juyo a ce ashe bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Ina yaro a Zariya na yi zaman shagon kawuna tela. Idan aka kawo masa ɗan koyo, sai ya shekara yana sa maɓalli da guga da ɗinkin yadi mai araha kafin ya bar shi ya sa almakashi a shadda. Na taɓa ganin wani uba ya cire ɗansa daga wurin kawu ya kai shi wani babban shago a cikin gari, wai can ne ake ɗinkin manya. Bayan shekara yaron ya leƙo gaishe mu. Kawu ya tambaye shi, "Me kake ɗinkawa yanzu?" Ya sunkuyar da kai ya ce shara yake yi da sayo abinci, keken ma ba a barinsa ya hau. Sa'anninsa da suka tsaya a ƙaramin shago sun riga sun fara yanka kaftani.

Wright ya samu shekara cikakkiya a AHL a kakar 2023 zuwa 2024, ya ci ƙwallo 22 ya tara maki 47 a wasa 59. Da ya koma Seattle a kakar gaba ya ci 19. Wata ukun nan na farko da ya yi yana kallo daga sama babu wanda zai maido masa su.

"To ina ka bar Crosby da McDavid?"

Wannan tambaya kan manyan taurarin wasan ita ce ta farko da abokina, mutumin Maraɗi da muke kallon wasa tare, yake jefo mini kullum. Gaskiyarsa. Sidney Crosby ya tara maki 102 yana ɗan shekara 18. Connor McDavid bai taɓa taka AHL ba. Connor Bedard ya shiga Chicago kai tsaye a 2023, ya karye a muƙamuƙi a tsakiyar kaka, duk da haka ya tara maki 61 a wasa 68.

Sai dai waɗannan ba su karya maganata ba. Ranar da suka iso aka miƙa musu sahun farko, aka ce ku yi kuskurenku, gobe ma ku ne. Sharuɗɗan nan biyu duk sun cika a kansu tun ranar farko. Kuma irinsu ba kowace shekara ake haifa ba. Manajan da ya ɗauki yaro na goma sha biyar a zaɓe yana auna shi da ma'aunin McDavid, kansa yake yaudara.

A rufin Saddledome akwai lamba 12 a rataye don girmamawa, lambar rigar Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Duk lokacin da muka shiga sai ɗana ya nuna ta. Dallas ta zaɓe shi na 11 a 1995, ta musanya shi zuwa Calgary a Disambar shekarar, kuma duk kakar nan a gasar matasan Kanada ya yi ta, wadda ke ƙasa da AHL, a Kamloops, inda ya ci ƙwallo 63 a wasa 63. Sai da ƙungiyarsa ta fita daga gasa sannan aka kira shi. Kakar gaba ya buga wasa 82 duka. Ya yi ritaya da ƙwallo 625. Shekara ɗayan nan ba ta rage shi da komai ba.

"Ai a cikin manya ake koyon manyanta"

Wannan hujjar ta fi ta farko nauyi, kuma ba na raina ta. Saurin NHL ba a koyonsa a wani wuri. Abin da kake da daƙiƙa biyu ka yi a ƙasa, a sama rabin daƙiƙa gare ka. Akwai kuma abin da yaro ke ɗauka daga ganin yadda tsohon ɗan wasa ke cin abinci, yake barci, yake shirya wa wasa.

Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da Juraj Slafkovsky, wanda Montreal ta ɗauka na ɗaya a 2022 ta ƙi tura shi ƙasa duk da surutun jama'a. Shekarar farko maki 10 a wasa 39, sannan rauni ya zaunar da shi. Shekara ta biyu ya tashi da ƙwallo 20 da maki 50. Suna cewa kun gani, haƙuri a sama ma yana biya.

Na yarda ya biya. Amma a duba lokacin da ya juya. Sai da koci Martin St. Louis ya haɗa shi da Nick Suzuki da Cole Caufield a sahun farko, ya bar shi a nan ko ya ci ko bai ci ba. Kuma Montreal a shekarun nan ginin ƙungiya take yi, ba ta sa ran kofi, don haka kuskuren yaro ba ya barazana ga aikin kowa. Kocin da ke tsoron kora ba zai taɓa yin wannan ba, kuma ba na ganin laifinsa, shi ma iyali gare shi. Idan maki biyun nasarar daren nan ne za su tsare masa aiki, tsohon hannu zai tura a minti biyar na ƙarshe.

A garin nan dai na Montreal aka yi Jesperi Kotkaniemi, na uku a zaɓen 2018. An riƙe shi yana ɗan shekara 18, jikinsa bai gama cika ba, ya yi abin kirki a shekarar farko da maki 34. Shekara ta biyu ya faɗo zuwa maki 8 a wasa 36, sai a lokacin aka tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Laval. A 2021 ya bar su zuwa Carolina. Babu mai iya rantsuwa cewa da an bar shi shekara ɗaya a ƙasarsu Finland da ya zama wani abu dabam. Abin da na sani shi ne babu abin da ya tilasta gaggawar, sai ƙishirwar ɗan tsakiyar sahun gaba da ƙungiyar ta daɗe tana fama da ita. Bukatar ƙungiya aka duba, aka kira ta shirin yaro.

Maganar kuɗi, da haƙƙin yaron kansa

Nan ne nake jin nauyi, domin yana da sauƙi ni da ke zaune a kujerar kallo in ce yaro ya yi haƙuri. Albashin matashi a sama ya ninka na ƙasa fiye da sau goma. A sama jirgi na musamman ake hawa, a ƙasa sau da yawa doguwar tafiyar bas ce. Rayuwar ɗan wasa gajeriya ce, gwiwa ɗaya ta goce shi ke nan. Kowane wata da ya yi a ƙasa kuɗi ne da ba zai sake gani ba, kuma bayansa akwai iyayen da suka yi shekaru goma sha biyar suna tashi da asuba cikin dusar ƙanƙara suna kai shi atisaye.

Akwai kuma lissafin da manajoji ke yi wanda bai shafi ƙwarewa ba. Ɗan shekara 18 ko 19 idan bai kai wasa goma a NHL ba, shekarar ba ta shiga lissafin kwantiraginsa na farko mai araha, sai ta gusa gaba. Shi ya sa kowane Oktoba za ka ji ana ƙirga wasa tara. Idan kuma ya kai wasa 40 yana cikin jerin ƙungiya, shekarar ta shiga cikin bakwai ɗin da za su ba shi 'yancin zaɓen inda zai tafi. Leon Draisaitl wasa 37 ya yi wa Edmonton a kakar 2014 zuwa 2015, ƙwallo biyu kawai ya ci, aka maida shi gasar matasa kafin ya kai arba'in. A nasa lamarin lissafin ofis da maslahar yaro sun zo ɗaya: ya je Kelowna ya zama gwarzon gasar Kofin Memorial ta matasa, ya fara kakar gaba da 'yan wasanni a ƙaramar ƙungiyarsu ta Bakersfield, ya dawo ya tara maki 51, a 2020 kuma shi ne gwarzon NHL baki ɗaya.

Amma ba kullum suke zuwa ɗaya ba. Idan yaro ya isa, gurbi yana nan, aka danne shi don a tsimi shekara ɗaya ta kwantiragi, wannan zalunci ne, ko da an lulluɓe shi da kalmar reno. Abin da nake karewa shi ne jinkirin da yaron zai amfana da shi. Kuma a faɗa masa gaskiya ido da ido: ga abin da ya rage maka, ga wanda ke gabanka, ga lokacin da za mu sake zama. Matashi yana iya ɗaukar jira. Abin da ke karya shi shi ne rashin sanin me ake jira.

Mangwaro ma idan ya wuce nuna ruɓewa yake

Kada wani ya ɗauka ina cikin masu cewa a daɗe kawai, daɗewa ita ce magani. Detroit a zamanin manaja Ken Holland ta shahara da barin yara su nuna sosai a ƙaramar ƙungiyarta ta Grand Rapids, kuma tana da hujja, tunda ta shiga zagayen neman kofi kaka 25 a jere har zuwa 2016. Amma tsarin ya kai inda ya zama al'ada tsagwaronta. Gustav Nyquist yana da shekara 24, ya riga ya ci kofin AHL a 2013, duk da haka a ƙasa ya fara kakar gaba, saboda jerin sama ya cika da tsofaffi masu kwantiragi, shi kuma ana iya saukar da shi ba tare da wata ƙungiya ta samu damar ɗauke shi ba. Da aka kira shi a Nuwamba ya ci ƙwallo 28 a wasa 57. Wannan mutum ya daɗe da isa. Laifin na wanda ya ƙi share masa wuri ne.

Shi ya sa nake cewa rabin aikin yana wuyan manaja. Idan yaro ya gama da ƙasa amma babu gurbi, ba a ce masa ya ƙara haƙuri har abada ba. A sayar da wani, ko a zaunar da wani tsoho da ake jin kunyarsa. Wannan shi ne yanke shawara mai zafi, kuma da yawa sun fi son su kauce masa su kira yaron su jingine shi a sahu na huɗu, sai kowa ya ga kamar an yi wani abu.

Mu 'yan Calgary mun san zafin wannan a kan Sam Bennett. Na huɗu a zaɓen 2014, ɗan tsakiya ne tun asali. Shekara shida ana yawo da shi, yau gefe, gobe sahu na uku, jibi na huɗu, bai taɓa wuce maki 36 da ya samu a shekararsa ta farko cikakkiya ba. A Afrilun 2021 aka tura shi Florida, suka ajiye shi a tsakiyar sahu na biyu suka bar shi. Maki 15 ya tara a wasa goma na farko. A 2025 shi aka ba gwarzon zagayen neman kofi, ya ɗaga Kofin Stanley, babban kofin NHL, karo na biyu a jere. Har yau idan na gan shi da jar rigar Florida sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Dokar da ke ɗaure hannu

Adalci ne in faɗi cewa wani lokaci ƙungiya ba ta da zaɓi mai kyau. A shekarun da Wright ya shigo, yarjejeniyar da ta daɗe tsakanin NHL da gasar matasan Kanada ta ce yaron da aka zaɓo daga can, muddin bai kai shekara 20 ba kuma bai cika kaka huɗu ba, ko dai ya zauna a NHL ko a maida shi cikin yara, babu AHL. An yi ta ne don ƙungiyoyin ƙananan garuruwa su riƙe taurarinsu, su samu masu sayen tikiti. Wanda ya zo daga Turai ko jami'ar Amurka ba ta hau kansa ba. Ita ce ta kama Wright a shekarar farko. A ta biyu ma sai da aka yi masa sassauci na musamman, domin an haife shi ranar 5 ga Janairu, kwana biyar kacal ya raba shi da sharaɗin shekaru.

A irin wannan matsi ni na fi son a maida yaro ƙasa, ko da ya fi ƙarfin wurin. Minti ashirin da biyu a cikin sa'anninsa, yana kyaftin, yana ɗauke da nauyin ƙungiya, sun fi masa kwat da kujerar kallo. Yanzu ma an samu wata ƙofa, tunda daga 2025 jami'o'in Amurka sun fara karɓar 'yan gasar matasan Kanada, har Gavin McKenna ya bar Medicine Hat ya tafi Penn State don ya kara da waɗanda suka girme shi. Cale Makar ta wannan hanyar jami'a ya bi, shekara biyu, ya zo Colorado a tsakiyar zagayen neman kofi na 2019 ya ci ƙwallo a wasansa na farko, a ragarmu ta Calgary kuwa.

Yaya ake gane ya isa?

Yawan maki shi kowa ke kallo, kuma shi ya fi ruɗi. Ƙwallo uku a wasa uku sa'a ma tana kawo su. Ni idan na zauna a Saddledome abin da nake bi da ido shi ne yaron a lokacin da faifai ba ya wurinsa. An ƙwace daga hannun abokinsa, shin ya juyo da gudu ko ya tsaya yana kallo? A wasa na biyu cikin kwana biyu, ƙafa ta yi nauyi, yana nan yadda yake jiya? Sannan babbar alama a wurina: saura minti ɗaya, ƙungiyarsa na gaba da ci ɗaya, abokan hamayya sun cire gola sun ƙaro mutum, wa kocin ƙasa yake turawa? Idan kocin da ke ganinsa kullum bai amince ya tura shi a wannan minti ba, kocin sama ba zai amince ba, kuma minti takwas ɗin nan ne zai tarar.

'Yan baya da masu tsaron raga sun fi bukatar lokaci, domin kuskurensu a cikin raga yake ƙarewa, kowa ya gani. Moritz Seider ya yi shekara a Grand Rapids, ya yi wata a Suwidin, sannan ya shiga Detroit ya zama gwarzon sababbi a 2022 yana kwasar mintuna kamar tsohon hannu.

Idan kuma an kira yaro aka ga an yi sauri, babu abin kunya a maida shi sau ɗaya, da bayani, ya daɗe. Matt Coronato ya fara kakar 2023 zuwa 2024 da Flames, abin ya yi masa yawa, ya sauko Wranglers ya tara maki 42 a wasa 41 muna kallo, kakar gaba ya ci ƙwallo 24 a sama. Abin da ke kashe zuciya shi ne hawa da sauka babu ƙarewa, yaro bai san a wane gari zai kama haya ba, kayansa kullum a cikin jaka a ɗakin otal. Jesse Puljujarvi ya sha irin wannan a Edmonton tun daga 2016, tsakanin benci da Bakersfield, har ya tattara ya koma Finland na shekara guda a 2019.

Yaron da mai kiran rediyon ya ambata yana nan a ƙasa har yanzu. Ranar Asabar Wranglers na da wasa a gida, na riga na saya mana tikiti ni da ɗana. Na ce masa ya zo da biro da takarda, duk lokacin da yaron ya tsallako katangar benci ya ja layi ɗaya, mu ga sau nawa za a tura shi, kuma ko yana cikin waɗanda za su tsaya a minti na ƙarshe.